Saƙon Da Na Riƙe Kwana Uku

Saratu, Bello, Hindatu, ku uku nake rubuta wa wannan. Watan jiya, da aka aiko cewa ƙafafun Rabi ƙanwata sun matsa mata har ba ta iya fitowa tsakar gida, na ce ku shirya ku je Boɗinga ku gaishe ta. Ina ɗaki na ji Saratu tana ce wa Hindatu za ta je ne don ni kawai, amma ita ba ta manta yadda matar nan ta guje mu ba lokacin da Nura yake jinya. Ban fito na tsawata mata ba. Da wane baki? A wurina ta ji wannan magana tun tana budurwa, ni kuma ban taɓa komawa na gyara ba. Daga baya da kuka ga mun shirya da Rabi, sai kuka ɗauka ni ce na yafe mata. Ba haka ba ne. Ba zan iya kallon idonku in faɗi abin da ya faru ba, shi ya sa na nemi takarda.

Nura shi ne na uku a cikinku. A Mandera na haife shi, a ɗakin da yanzu ake ajiye buhunan gero. Ya zo da jikinsa ɓul-ɓul, kowa yana yabawa. Bayan mun yi arba'in na fara ganin abin da ban gani ga Saratu da Bello ba. Idan ya kama nono sai ya ja sau uku ko huɗu ya saki, yana haki kamar wanda ya yi gudu, gumi ya jiƙa goshinsa har gashin kansa ya kwanta. Ya huta, ya sake kamawa, ya sake saki. Sai in yi rabin hantsi ina ba shi, bai ƙoshi ba. Idan na cire masa riga ina iya ganin ƙirjinsa yana bugawa ta cikin fata. Tari kuwa bai taɓa barinsa ya yi wata guda ba. Wasu suka ce nonona ne ba shi da kyau, aka ba ni sassaƙe na sha. Wasu suka ce beli ne, aka kira wanzami ya cire. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka sayo maganin tari a Shagari kwalba bayan kwalba. Duk wanda ya kawo shawara da zuciya ɗaya ya kawo, ni ma da zuciya ɗaya na karɓa. Haka muka ci shekara huɗu. Sa'o'insa suna bin awaki, shi yana zaune a gindin turmi yana kallonsu.

Wata rana zazzaɓi ya kama shi muna Boɗinga, na kai shi asibitin garin. Malamar da ta duba shi ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe ba ta ɗaga ba. Ta ce wannan ba na nan ba ne, ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato. A can aka shafa masa wani mai sanyi a ƙirji aka ɗauki hoton zuciyarsa. Likitan yara, wani dogo mai magana a hankali, ya zana mini a bayan kati.

"Zuciya ɗaki huɗu gare ta," in ji shi. "Bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa, na ɗanki bai gama rufewa ba tun yana ciki. Akwai ƙofa a nan. Jini yana bi ta ciki yana cika masa huhu. Ba abin da kika ci ba ne, ba nononki ba ne. Haka aka haife shi."

Na tambaye shi magani. Ya ce magani yana rage wahala ne kawai, abin da yake so aiki ne, a buɗe ƙirji a toshe ƙofar, kuma a lokacin ba a yin irin wannan aiki a wurinsu. Amma wani lokaci likitoci sukan zo daga waje su yi wa yara kaɗan. Ya rubuta sunan Nura a wani babban littafi, ya ce mu riƙa zuwa duk wata, mu kuma bar lambar da za a same mu. Babanku bai yi wata-wata ba, da ya sayar da albasar shekarar ya sayo waya. A duk gidanmu wuri ɗaya ne take kamawa, jikin bangon rumbu, don haka ya kafa ƙusa a nan ya rataye ta. Shekara uku kunnena yana jikin bangon nan. Ko daka nake, idan na ji kamar ƙara, sai in jefar da taɓarya.

Duk wata mukan hau kabu-kabu daga Mandera zuwa Shagari, mu shiga mota. Nura ba ya iya tafiyar a rana ɗaya ba tare da ya galabaita ba, don haka mukan sauka Boɗinga mu kwana gidan Rabi, da safe mu ƙarasa Sakkwato, a dawowa ma mu sake sauka. Na girme wa Rabi da shekara goma. Ni na goya ta. Mijinta Isa yana ci-rani a kudu, sai da damina yake dawowa, ita tana zaune da surukarta. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, duk son da take da shi a kan Nura ta juye. Tun daga zaure za ta ɗauke shi, ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ɗakin tantabarunta, ta ba shi tsaba a tafin hannu su sauko su ci. Takan ajiye masa hanta ta gasa masa. A Mandera shi yaro ne marar lafiya, a gidan Rabi baƙo ne mai daraja. Tun saura mako guda yake fara tambayata ko gobe ne Boɗinga.

Da Allah ya ba ta haihuwa, ta sami mace, aka sa mata Maryam. Yarinyar tana wata biyar muka sauka kamar kullum. Ina zaune ina shan fura, Rabi tana ba ta nono a gabana. Ta ja uku ta saki. Ta yi haki. Na ga ɗigon gumi a goshinta, alhali garin da sanyi. Na ajiye ludayi. Na karɓe ta na cire mata riga, na kafa kunnena a ƙirjinta, na ji wannan shuu-shuu da na sani kamar muryata.

"Rabi, gobe da ita za mu tahi Sakkwato."

"Don mi, Yaya? Lahiya lau take. Rowar nono kawai gare ta."

"Ba rowa ba ta. Abin da ke ga Nura na."

Rabi ta fizge 'yarta ta juya mini baya. Surukarta da ke bakin murhu ta ce kowa ya tsaya ga abin da Allah ya ɗora masa, kada a zo a yi wa jikarta mugun baki. Na haɗiye. Da safe na ɗauki zanen goyo da kaina na goya Maryam, na ce wa Rabi ko ta biyo ni ko ta zauna. Ta biyo ni tana kuka har tasha. Likita ya ɗauki hoton, ya dube ni ya ce kunnena ya fi na wasu masu karatu. Ƙofa ce ita ma, a bango ɗaya da ta Nura. Ya rubuta sunanta a littafin. Da aka nemi lamba, Rabi ba ta da waya, sai na ba da tamu. Ina so ku riƙe wannan: ranar nan da gaske nake son yarinyar nan ta rayu, ba tare da wani abu a raina ba. Har wani daɗi na ji da ban faɗa wa kowa ba, cewa yanzu mun zama mu biyu a kan bencin asibiti.

Wata biyar bayan haka likitocin suka zo. Aka tara mu, iyaye da yara cike da baranda, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Nura yana shekara bakwai. Na sa masa sabuwar riga, na shafa masa mai, kamar kyau ne za a duba. Maryam ba ta daɗe a ciki ba aka fito da ita. Nura kuwa suka riƙe shi, su uku a kansa, suna nuna hoton suna magana da harshensu. Suka duba laɓɓansa da suka fara duhu, suka juya yatsunsa da kawunansu suka kumbura. Ni ina ganin daɗewar alheri ce. Daga baya likitanmu ya kira ni wani ɗaki ni kaɗai, ya ja mini kujera.

"Malama Kulu, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekarun da jini ya yi yana dukan huhunsa da ƙarfi sun sa jijiyoyin huhun sun yi tauri. Idan aka toshe ƙofar yanzu, zuciyarsa ba za ta iya tura jinin ba. Aikin ba zai taimake shi ba, zai gajarta masa kwana ne."

"To da yaushe za a yi?"

"Ba za a yi ba. Da an same shi yana shekara ɗaya, ko biyu."

Na ce Maryam fa. Ya ce ita an same ta a kan lokaci, idan wuri ya samu za a kira. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah, ni ce sanadi. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Bai san wannan kalma ce za ta fi ci na ba. Abin da na gane a goshin Maryam cikin ƙiftawar ido, shekara huɗu na ɗana na kashe kafin in koye shi. Ita Rabi ba ta sha sassaƙe ba, ba ta riƙe ƙafafun ɗanta wanzami yana yanka ba, ba ta yi shekara uku tana sauraron bango ba. Ta zauna a gidanta, ilimin ya shigo mata har tsakar gida yana shan fura. A mota da muke dawowa ta kama hannuna tana hawaye, tana cewa Allah zai kawo wata hanya. Na zare hannuna na ce zafi nake ji.

Ranar Alhamis da hantsi, kwana goma bayan haka, wayar ta yi ƙara. Babanku yana fadama, ku kuna makaranta, Nura yana kwance a ɗaki. Muryar mace ce daga asibiti.

"Gidan su Maryam Isa ne? An ba ta wuri. A kawo ta ranar Litinin da sassafe. A zo da mahaifinta ya sa hannu, da mutum biyu masu ba da jini. Idan ba ku zo Litinin ba za a ba wani yaro, don likitocin sun kusa tafiya. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Na mayar da wayar jikin ƙusa. Shekara uku ina jiran ta yi wannan ƙara, ta yi, kuma sunan da aka kira ba namu ba ne. Na koma na ci gaba da tankaɗe. Na ce a raina bari in gama tuwo sai in aika. Na gama tuwo, na ce rana ta yi, gobe. Babanku ya dawo ya tambaya ko an kira, kamar yadda yake tambaya kullum, na ce a'a. Juma'a ta zo, na ga maƙwabcinmu yana tayar da babur zai tafi Boɗinga, har ya leƙo ya ce ko akwai saƙo. Na ce ya gaishe su.

Na sha tambayar kaina me nake so a waɗannan kwanaki. Ban roƙi mutuwar yarinyar ba, Allah shaida. Ban ma bar tunanina ya kai can ba. Abin da nake gani kawai shi ne Rabi ta tashi daga bencin nan ta bar ni, 'yarta ta yi ƙiba, ta yi gudu, ta yi aure, ni kuma in ci gaba da zuwa karɓar ƙwayoyi har ranar da za a ce ba sai na zo ba. Ina sallah ina kasa ɗaga hannu in yi addu'a, don na san abin da ke rataye a jikin rumbu.

Ranar Asabar da la'asar ina yi wa Nura wanka a bayan ɗaki. Ina cuɗa masa baya ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Umma, in anka gyara ma Maryam zuciya, tana iya gudu?"

"Wa yac ce maka za a gyara?"

"Na ji matar ran nan. Kin ce mata kin ji." Ya maida numfashi. "Gobe Lahadi, ko? Jibi Litinin."

Bai zarge ni ba. Shi a ganinsa mantawa na yi, yana tuna mini ne. Na zuba masa sauran ruwan, na lulluɓe shi da zane. Ko a nan ban tashi ba. Sai da gari ya waye Lahadi, Babanku ya dawo daga masallaci, na ce masa yanzun nan aka kira. Ya ce Alhamdulillahi har sau uku, ya sa hula ya fita neman babur. Har ya koma ga Allah bai san ƙarya na yi masa ba.

Muka isa Boɗinga kafin azahar. Rabi ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida, ta tashi ta rungume ni. Sai kuma hankali ya tashi, domin Isa yana kudu, ko ya taso a lokacin ba zai iso da safiyar Litinin ba. Da tun Alhamis aka sani, da ya iso har ya huta. Babanku ya ce shi zai tsaya a madadinsa, zai kuma ba da jini, ya fita cikin gari neman na biyu. Rabi ta ja ni ɗaki.

"Yaya, ke za ki raka ni, ko? Ban san ƙofa ko ɗaya ba can. In sunka yi magana ba ni ganewa. Ke kinka san su."

"Nura ba shi jin daɗi. Ba ni barinai."

"Mu tahi da shi. Ko a bar shi wurin Innarmu kwana biyu. Don Allah, Yaya. Tsoro nike ji."

"Ni wa yar raka ni shekara ukku?"

Ta sake ni. Da ta so da ta mayar mini, domin a gidanta nake kwana duk wata. Na koma Mandera a ranar. Ita da surukarta suka zauna a barandar asibiti tun safe har yamma, ƙirjin 'yarta a buɗe a wani ɗaki, babu wanda zai gaya mata ma'anar shiga da fitar da ake yi.

Aiki ya yi kyau. Cikin wata uku Maryam ta murmure, ta fara shan nono ba ta saki, ta yi rarrafe, ta miƙe. Duk wanda ya zo daga Boɗinga da labarinta yake zuwa, kuma ni ake fara kawo wa, a ce ai 'yarki ce. Ina cewa madalla a fatar baki kawai. Da Babbar Sallah ta zagayo muka taru a Kajiji gidan mahaifiyarmu, Inna. Ta yanka akuya daban, sadakar warkewar jikarta. Maryam tana bin kaji a guje, tana faɗuwa tana tashi. Mata suna kama ta ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga mata riga su ga tabon, layi guda daga ƙasan wuya zuwa saman ciki, suna salati. Nura yana kan tabarma a inuwa, an jingina shi da buhu. Duk sa'ad da ta wuce shi a guje sai ya tafa hannu yana dariya har tari ya sarƙe shi. Babu wadda ta ɗaga tasa rigar. Babu abin gani a ciki.

Rabi ta zo da hanta a faranti, ta durƙusa gabansa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na karɓe farantin na dangwarar a gefe.

"Ba bara munka zo ba. Ki kai ma ɗiyakki, ita ta mai rabo."

Inna ta kira ni ɗakinta ta saki labule.

"Kulu, mi yas same ki? Jaririya kike ma hassada?"

"Inna, ni ba ku yanka mani akuya ba."

"Ina yanka maki goma in za ta yi magani. Ni ma jikana na. Amma wagga wuta da kinka ɗauko, ba Rabi za ta ci ba."

Na ɗauki Nura muka tafi ba mu ci naman ba. Daga wannan Sallah na daina sauka Boɗinga. Na ce wa Babanku kwana a hanya ɓata lokaci ne. Muka koma tashi da asuba, mu yi tafiyar a miƙe, mu bi layi, mu dawo a ranar. Nura yakan iso gida laɓɓansa baƙi ƙirin, ya yi kwana biyu bai iya tashi zaune ba. Ina gani. Idan mota ta tsaya a tashar Boɗinga ɗaukar fasinja, sai ya manna fuskarsa a gilashi yana kallon hanyar gidan, ni kuma in ja mayafi in sunkuyar da kai kada wani ya gane ni.

"Umma, mu sauka ko kaɗan. In ga tantabaru kawai."

"Wata mai zuwa."

Rabi ta zo Mandera sau biyu. Na farko na bar ta a tsakar gida na shiga maƙwabta har ta gaji ta tafi. Na biyu na gaya mata cewa ganinta yana tayar wa yaron hankali, in tana ƙaunarsa ta daina zuwa. Ta daina. Ta riƙa aiko masa da abubuwa ta hannun mutane, ina mayarwa. Da kuka tambaye ni me ya sa Inna Rabi ba ta zuwa, na ce tun da 'yarta ta warke ta ga ba ta da sauran buƙatarmu. Sau ɗaya na faɗa, kuka riƙe. Inna ta rasu a shekara ta uku da wannan, a wurin zaman makokinta ni da Rabi muna ɗaki ɗaya, kowa da bangonta.

Nura ya kai shekara goma sha biyu. A watanninsa na ƙarshe ba ya iya kwanciya miƙe, sai a jingine, kuma ya fara tarin jini. Likita ya ce mu daina wahalar da shi da hanya, Babanku ya riƙa karɓo maganin. Wata rana ya ce in aika a kawo masa Maryam ya ga ko ta yi tsawo. Na ce idan ya ɗan samu sauƙi. A wannan karon da gaske na yi niyya, ina neman yadda zan fara ne bayan duk abin da na yi. Ban samu ba. Ya cika ranar wata Talata bayan azahar, lokacin cirar albasa, kansa a kan cinyata, gidan duk ƙamshin sabuwar albasa da aka baza a tsakar gida.

Kafin la'asar Rabi ta iso. Ba ta nemi izini ba. Ta ajiye ƙunshinta a ɗakina, ta ɗaura zane ta shiga madafa. Kwana bakwai ita ke dafawa, ita ke tarbar mata, ita ke matsa mini in sha kunu. Ita kaɗai ta zo. Na lura, na kuma san dalili: ta bar 'yarta a gida don kada in buɗe ido in ga yarinya mai lafiya tana yawo a inda aka ɗauki gawar ɗana. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ta zage ni. Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, na same ta tana ninke kayanta.

"Rabi, akwai maganar da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Kiran nan na asibiti, ba Lahadi anka yi shi ba. Tun Alhamis na."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da ninke zane.

"Na sani, Yaya."

"Kin sani?"

"Da munka isa, mijinki na can wurin ɗibar jini, malamar asibiti ta yi mani hwaɗa gaban mutane. Tac ce tun Alhamis sunka kira, don mi ubanta bai zo ba."

"Mi kinka ce mata?"

"Nic ce ni na manta ban aika mai ba."

Na zauna a bakin gado. Wato ta sani lokacin da take zaune a barandar nan ba tare da ni ba. Ta sani lokacin da ta durƙusa da farantin hanta. Na ce mata don me ba ta taɓa faɗa ba, ko ga Inna, ko ga Isa. Sai a lokacin ta dube ni.

"Kwana ukku kinka riƙe, amma kin zo. Na daɗe ina tambayar kaina, da tawa anka ce ta makara, anka kira taki, kwana nawa ni kan riƙe. Har yau ban san amsa ba. To da wane baki zan kai ƙararki?"

Muka yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Da ta ɗaura ƙunshinta za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko ta kawo mini Maryam wani makon. Ina so in ce muku na ce ta kawo. Ban ce ba. Na ce ba yanzu ba. Abin bai fita daga raina a rana ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ko ranar auren Maryam ina cikin guɗa ina lissafin shekarun da Nura zai kai da yana nan. Amma daga ranar nan na daina ɗora wa Rabi.

Sai da wata albasar ta nuna kafin na iya. Ban aika a kawo ta ba, ni na tafi. Na sauka a tashar Boɗinga, na bi hanyar da ƙafata, na yi sallama a zaure. Wata yarinya doguwa, 'yar shekara bakwai, ta fito a guje da allo a hannunta, ko haki ba ta yi. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Sannan ta juya ciki ta ɗaga murya.

"Inna, ki hito, ga wata baƙuwa."